Manhajar gayya: daga asibitocin ƙasar Arewa zuwa ƙasashe fiye da 70

A ƙarshen kowane wata, a cibiyoyin kiwon lafiya na gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, majon asibiti yakan tattara rajistocinsa ya zauna lissafi. Yara nawa aka yi wa rigakafi? Mata nawa suka zo awon ciki, nawa suka haifu a hannun ungozoma? Mutum nawa zazzaɓin cizon sauro ya kwantar? Magani nawa ya rage a sito? Jama'a suna ganin wannan aiki, amma kaɗan ne suka san inda lissafin yake zuwa.

Tun daga shekarar 2017, ma'aikatar kiwon lafiya ta ƙasarmu tana zuba waɗannan alƙaluma cikin wata manhaja mai suna DHIS2. Nijar ba ta biya kuɗin lasisinta ba, kuma babu kamfanin da ya mallake ta. Ma'aikatun lafiya na ƙasashe fiye da 70 suna aiki da ita, kowace tana gyara ta daidai da bukatarta, gyaran da wata ta yi kuma yana amfanar sauran. Ya kamata kowane ɗan ƙasa, musamman ma'aikacin hukuma, ya fahimci wannan irin haɗin kai, domin yana da riba mai yawa, yana kuma ɗora mana nauyin da babu mai ɗauke mana shi.

Mene ne buɗaɗɗiyar manhaja?

Kwamfuta da wayar salula ba su da wayo na kansu. Abin da ke sa su aiki shi ne jerin umarni da masana suka rubuta: idan an shigar da kaza, a tara shi da kaza, a ajiye shi wuri kaza. Wannan jerin umarni shi ake kira manhaja. Rubutun da masanan suka yi tun farko, wanda daga gare shi ake haɗa manhajar, shi ne tushenta.

Manhaja iri biyu ce. Akwai wadda kamfani yake rufe tushenta, ya sayar wa mutane izinin aiki da ita kawai. Wanda ya saya ba ya iya duba cikinta, ba ya iya canza ko harafi ɗaya. In ta lalace, ko yana son ƙari, sai ya koma wurin mai ita ya sake biya. Akwai kuma wadda aka bar tushenta a buɗe: kowa yana da izinin ya yi aiki da ita, ya karanta yadda aka gina ta, ya gyara, ya kuma ba wani abin da ya gyara. Wani masani ɗan Amurka mai suna Richard Stallman ne ya fara kiran jama'a ga wannan tafarki a 1983. A 1991 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fitar da Linux, wadda a yau mafi yawan manyan kwamfutocin da ke ɗauke da intanet da ita suke aiki.

Mutanen karkara sun san wannan bambanci tun kafin zuwan kwamfuta. Ƙauyuka nawa ne aka kafa wa famfo, aka yi biki, bayan shekara biyu ya tsaya cik domin wani ɗan ƙarfe da ya karye ba a samunsa sai a ƙasar da aka ƙera shi? Mata suka koma rijiya da guga, famfon ya zama turken ɗaure jaki. Amma akwai famfon da ake kira India Mark II, wanda gwamnatin Indiya da UNICEF suka tsaya a kan ƙirarsa a shekarun 1970. Zanen wannan famfo ba sirrin kowa ba ne. Masana'antu da dama suna ƙera shi, kayan gyaransa suna shiga kasuwa, makanikin gari yana iya koyon kwance shi da ɗaure shi. Buɗaɗɗiyar manhaja kamar wannan famfo take.

Daga Afirka ta Kudu aka faro

Asalin DHIS2 a nahiyarmu yake. Bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata a 1994, sabuwar gwamnatin Afirka ta Kudu ta tarar da harkar lafiya a rarrabe: farar fata da tasu hukumar, baƙar fata da tasu, kowa da irin takardunsa. Masana daga jami'o'in birnin Kef da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe suka zauna tare da ma'aikatan asibitocin unguwannin talakawa, suka tsara ƴar manhajar da za ta ba shugaban lafiya na gunduma damar ganin halin da gundumarsa take ciki. Daga nan ta samo sunanta, domin ma'anarsa ita ce manhajar bayanan lafiya ta gunduma.

A 2006 aka fara aiki da sabon zubinta, wato DHIS2, a jihar Kerala ta Indiya. Saliyo ta ɗauke ta a 2008. Kenya ta shimfiɗa ta a duk faɗin ƙasa ta hanyar intanet a 2011, Ghana ta biyo baya a 2012. Najeriya, Burkina Faso, Mali da Senegal duk da ita suke aiki. Jami'ar Oslo ce ke kula da uwar manhajar, tare da rukunonin masana a ƙasashe daban-daban. Rukunin da ke taimaka wa ƙasashen yammaci da tsakiyar Afirka a birnin Lome na Togo yake zaune.

Abin lura a nan shi ne, manhajar ce ta tarayya, bayanan kuwa kowace ƙasa da nata. Lissafin asibitocin Nijar yana ƙarƙashin ikon ma'aikatar lafiya ta Nijar. Kamar manoma goma ne da suka koyi ginin rumbu a wurin magini ɗaya: zubin rumbunan iri ɗaya ne, amma kowa da hatsinsa, kowa da mabuɗinsa.

Hanyar lissafi daga ƙauye zuwa Yamai

Ƙasar Arewa tana da faɗi. Gundumar Dogon Dutsi tana da ƙananan hukumomi shida: Dogon Dutsi, Matankari, Kiyeshe, Ɗan Kasari, Dogon Kiriya da Sukukutan. Tibiri, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, tana da huɗu: Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mairuwa. A ƙidayar 2012, mutanen gundumomin biyu sun haura 600,000. Wasu suna zaune cikin Dallol Mawri kusa da babbar hanya, wasu suna can bisa tudu, inda damina kan yanke hanya kwana da kwanaki.

A da, rahoto a takarda yake tafiya tun daga farko har ƙarshe. Ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye ya kai nasa cibiyar lafiya, cibiya ta haɗa ta aika gunduma, gunduma ta tara ta aika Doso, Doso ta sake tarawa ta aika Yamai. A kowane zango sai an kwafa da hannu, kowane kwafi kuma ƙofa ce ta kuskure. Kafin lissafin watan Agusta ya isa teburin masu raba magani, lokacin zazzaɓi ya wuce, kaka ta yi.

Da DHIS2, da zarar an shigar da rahoton cibiya cikin kwamfuta, shugaban likitocin gunduma, daraktan lafiya na jaha da ma'aikatar minista duk suna iya ganinsa lokaci guda. Manhajar tana tarawa da kanta, tana zana taswira, tana nuna cibiyar da ba ta aiko da nata ba. In wani ya rubuta cewa ya yi wa yara 900 rigakafi a inda aka saba ganin 90, ana iya saita ta ta tsayar da shi ta tambaya.

Amfanin sauri ya fi fitowa fili a maganar annoba. Mutanen Arewa ba su manta da 2015 ba. A bazarar wannan shekara sanƙarau nau'in C, wanda ya fara bayyana a arewa maso yammacin Najeriya shekaru biyu kafin nan, ya auka wa Nijar. Mutum fiye da 8,000 suka kamu, fiye da 500 suka rasu. Dogon Dutsi tana cikin gundumomin da cutar ta kai matakin annoba, kuma allurar rigakafin wannan nau'i ta yi ƙaranci a duniya baki ɗaya.

Yaƙi da sanƙarau da lissafi ake yinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni biyu. Idan cikin mako ɗaya aka sami mutum 3 da ake zaton sun kamu a cikin kowane 100,000, gargaɗi ke nan, sai a zauna cikin shiri. Idan suka kai 10, annoba ce, sai a fito da allura. Mu ɗauki yankin da ke da mutum 50,000: mutum biyar kacal a mako ɗaya sun isa a ce annoba ta shigo. Idan biyu daga cikinsu suna cikin rajistar da ba ta iso ba, ko kuma an ajiye su gida ba a kai su asibiti ba, hukuma za ta ga uku, ta ɗauka da sauran lokaci. Makon da aka rasa a nan, da rayukan yara ake biyansa.

Abin da wani ya gina, kowa ya samu

Ribar gayya ita ce, wahalar da ɗaya ya sha ba sai kowa ya sake shan ta ba. A watan Janairu na 2020, da labarin cutar korona ya ɓulla, masanan ƙasar Siri Lanka suka ƙara wa DHIS2 wani sashe na bin sawun matafiya da waɗanda suka kamu, cikin ƴan kwanaki. Da yake tushen a buɗe yake, aka ɗauki aikin nasu, aka daidaita shi da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya, aka raba. Cikin ƴan watanni gomman ƙasashe na Afirka da Asiya suka kama aiki da shi. Da kowace ƙasa sai ta nemi kamfani, ta yi ciniki, ta jira a gina mata nata, da cutar ta gama zagaye duniya kafin a sa hannu a takarda.

Maƙwabtanmu ma sun ba da nasu misali. Bayan da cutar Ebola ta shiga Ikko a 2014, likitocin Najeriya da masanan cibiyar bincike ta Helmholtz da ke Jamus suka tsara wata manhaja mai suna SORMAS don bin diddigin annoba da wayar salula. A 2016 aka buɗe tushenta. Ghana ta ɗauka. Da korona ta zo a 2020, ofisoshin lafiya na Jamus kanta suka rungumi wannan manhaja da aka ƙera domin Najeriya. Ilimi ya tashi daga kudu ya nufi arewa, saɓanin yadda aka saba gani.

Wannan magana ta shafi Arewa kai tsaye. Iyakar Najeriya tana nan gabas da mu. Kasuwa, aure da kiwo sun haɗa mutanen Dogon Dutsi da Tibiri da na jihohin Kabi da Sakkwato tun kafin a ja layin iyaka. Cuta ba ta tsayawa a nuna mata takarda. Idan likitocin ɓangarorin biyu suna ƙirga abu ɗaya ta hanya ɗaya, gargaɗin da ya fito daga can zai zama abin fahimta a nan tun a ranar.

Ba a asibiti kaɗai ba

Gwamnatoci suna bin wannan tafarki a wasu ayyukan ma. Ƙasar Istoniya, wadda mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, ta gina wata manhaja mai suna X-Road a 2001, domin ofisoshin gwamnati su riƙa musayar bayani da junansu, kada a riƙa aiken talaka daga wannan biro zuwa wancan da takarda a hannu. Finlan ta ga amfaninta ta ɗauka. A 2017 ƙasashen biyu suka kafa cibiya ɗaya da suke biya tare don kula da ita, Aisilan ta shigo a 2021.

A fannin shaidar ɗan ƙasa, wata cibiyar ilimi da ke Bangalor a Indiya ta fara gina MOSIP a 2018. Maroko, Filifin, Habasha da Togo suna cikin waɗanda suka ɗora tsarinsu a kanta. Dalilinsu a fili yake: ƙasashe da dama sun taɓa ba kamfani kwangilar rajistar jama'a, daga baya suka tarar ba su iya taɓa bayanan mutanensu sai da izinin kamfanin. Nijar ta shiga shirin WURI na Bankin Duniya a 2020 tare da Benin, Burkina Faso da Togo, don ba kowane mutum lambar shaida. Duk uban da ɗansa ya kai ajin jarrabawa ba shi da takardar haifuwa, ya yi ta zirga-zirga tsakanin ofishin magajin gari da kotu, ya san darajar rajista mai tsari.

Kyauta ce, amma tana cin gumi

A nan ne ya kamata ma'aikatan hukuma su buɗe ido. Rashin kuɗin lasisi ba ya nufin rashin kashe kuɗi. Famfon da zanensa yake a buɗe ma yakan tsaya, idan babu makanikin da ya koyi gyaransa, babu kuma asusun sayen kayan gyara. Manhaja tana bukatar babbar kwamfutar ajiya da mai kula da ita dare da rana. Tana bukatar wutar lantarki ko farantin hasken rana a cibiyar lafiya, da rezo, da kuɗin intanet na kowane wata. Tana bukatar a horar da sabon majo duk lokacin da aka yi wa tsohon canjin wurin aiki.

Ƙasashe masu arziki ma sun ga haka. Birnin Munik na Jamus ya yanke shawarar mayar da kwamfutocinsa kan Linux a 2003, aka yi shekaru ana aikin, amma a 2017 majalisar birnin ta zaɓi komawa baya. Jandarmomin Faransa kuwa, da suka fara irin wannan canji a 2008, sun bi shi sannu a hankali, suka horar da mutanensu, dubban kwamfutocinsu suka koma kan buɗaɗɗiyar manhaja. Kayan aikin kusan iri ɗaya ne. Tsayuwar shugabanni da shirin ma'aikata ne suka bambanta.

Akwai darasi na kusa. A ƙasashen Afirka da dama, masu ba da agaji ne suka daɗe suna biyan albashin masanan da ke kula da bayanan lafiya. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta agaji, USAID, ta yanke kuɗi masu yawa na fannin lafiya. Babu wanda ya iya ƙwace manhajar daga hannun kowa, domin ba ta da ubangida. Amma inda babu ɗan ƙasa da ya iya sarrafa ta, babu kuma layinta a kasafin kuɗi, ƴancin ya zama na baki. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Buɗaɗɗiyar manhaja tana fita daga sahun kayan aro ne ranar da ƴaƴan ƙasa suka iya kwance ta su ɗaure.

Muna da inda za mu fara. Jami'ar Doso, da aka kafa a 2014, tana koyar da fasahar sadarwa a nan cikin jaharmu. Tushen DHIS2 yana nan a buɗe ga duk ɗalibin da yake son ya karanta. Ya dace a ce ɗaliban da suka fito daga Matankari ko Gesheme suna yin aikin gwajinsu a gundumomin lafiya na Dogon Dutsi da Tibiri, suna koyon manhajar a inda ake aiki da ita. Ƙasar da ke ɗebo kawai daga gayya ba ta kawo komai, maganarta ba ta da nauyi ranar da ake shawarar abin da za a gina gaba.

Sai maganar amana. Tushen manhaja a buɗe yake, amma sirrin majinyaci dole ya kasance a rufe. Ƙasarmu ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, ta sabunta ta a 2022, akwai kuma hukumar da aka ɗora wa tsaron wannan haƙƙi. Ma'aikacin da ya ba wani lambar sirrinsa ta shiga kwamfuta, daidai yake da wanda ya bar mabuɗin sito a bakin ƙofa.

Rabon kowa a cikin aikin

Ga shugabannin gunduma da magadan gari: lissafin da ya hau sama ya kamata ya sauko ƙasa. Idan majo yana aika rahoto wata da watanni bai taɓa jin amsa ba, zai ɗauke shi aikin banza, ya riƙa cikawa yadda ya ga dama. A riƙa buga taswirar rigakafi ta kowace ƙaramar hukuma, a karanta ta a taron kwamitin lafiya da harshen da jama'a ke ji, a gaban sarakuna da masu gari, kowa ya ga inda ƙauyensa ya tsaya.

Ga ma'aikatan lafiya: kwamfuta ba ta mayar da ƙarya gaskiya. Abin da aka zuba mata shi take tarawa, ta kuma kai shi nesa cikin ƙiftawar ido. Lamba ɗaya da aka ƙara don a faranta wa shugaba rai tana iya hana wani ƙauye maganin da yake bukata.

Ga ku kuma, ƴan uwa da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, ku ne farkon wannan doguwar hanya. Daga cikinku ake zaɓen masu taimaka wa asibiti a ƙauye, da sakatarorin kwamitin lafiya, da masu riƙe littafin haifuwa da rasuwa a gidan mai gari. Ku rubuta kowace haifuwa a lokacinta. Ku adana katin rigakafin yara kamar yadda kuke adana takardar gona. Idan kun ga zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, musamman a bazara, ku kai mara lafiya asibiti a ranar, ku kuma sanar da majo. Babu babbar kwamfuta a Yamai ko a Oslo da za ta san yaron da ba a rubuta ba.

Kakanninmu sun san gayya: yau a gonar wannan, gobe a ta wancan, kowa ya zo da haukarsa. Ƙasashen duniya sun kira gayya a kan manhajar aikin jama'a, Nijar kuma ta amsa. Saura mu tabbatar da cewa ƴaƴanmu sun iya riƙe haukar. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.